Yadda Ake Juya Shafin Rubutun Kiɗa da Feda a Tabulet: Jagora Mataki-Mataki

Tun da makaɗa suka fara ajiye kundin takardu suna ɗora tabulet a gabansu, tambaya ɗaya ce take ta dawo mini: wace feda zan saya, kuma yaya ake haɗa ta? Yawancin masu tambayar sun ga wani yana kiɗa, hannuwansa biyu na kan aiki, shafi kuma yana sauyawa ba tare da ya taɓa komai ba, sai suka ɗauka duk sirrin yana cikin na'urar. Haɗa feda da tabulet aikin 'yan mintoci ne. Abin da ke cin lokaci shi ne shirya shafukan da kuma koya wa ƙafa aikinta, kuma a nan ne mutane da yawa suke karaya su jefa fedar a akwati. Zan bi matakan a jere, amma zan fi daɗewa a inda aka fi yin tuntuɓe.

Ka riƙe abu ɗaya tun yanzu, domin shi ne zai warware maka yawancin matsalolin da za ka haɗu da su. A wajen tabulet ɗinka, feda allon buga rubutu ce kawai mai maɓalli biyu ko huɗu. Idan ka taka ta, tana aika saƙo iri ɗaya da wanda kibod ke aikawa in an danna kibiyar dama, ko kibiyar ƙasa, ko Page Down. Manhajar da ke nuna rubutun kiɗa ita ce ke karɓar saƙon ta juya shafi. Ita fedar ba ta san akwai shafi ba.

1. Duba ƙafafunka kafin ka sayi komai

Zauna ko tsaya yadda ka saba kiɗa, ka kaɗa abin da ka iya sosai, ka lura da abin da ƙafafunka ke yi. Wacce ce ba ta da aiki?

Mai fiyano ƙafarsa ta dama tana kan fedar da ke tsawaita sauti kusan kullum, don haka ta hagu ce za ta juya shafi. Masu bayolin da masu busa da ke zaune suna da zaɓi, duk wadda ta fi musu sauƙi. Wanda ke kiɗa a tsaye sai ya lura da ƙafar da nauyinsa ke kai, ya ba ɗayar aikin. In ya yi akasin haka, duk juya shafi sai jikinsa ya karkata, sautin ma ya girgiza.

Akwai waɗanda feda ba tasu ba ce. Mai ogan yana kiɗa da ƙafa biyu. Mai jerin ganguna ma haka, dama a kan babbar ganga, hagu a kan faranti biyun da ke haɗuwa. Mai babbar garayar Turawa yana da feda bakwai da ke jiransa. Irin waɗannan su nemi wata hanya: akwai maɓallin da ake bugawa da sandar ganga, akwai wanda ake cizawa da haƙori, kuma forScore, wata manhajar nuna rubutun kiɗa, tana iya juya shafi da motsin kai ko na baki ta kyamarar gaba a kan iPad ɗin da ke da wannan ƙarfin, ga wanda ya biya kuɗin rajistar shekara. Mawaƙi da hannunsa ke sake, ƙaramin rimot na tafin hannu ya fi masa.

In fiyanonka na lantarki ne mai feda uku, dakata da saye. Ta tsakiya ba kasafai ake taka ta ba, kuma tana aika saƙo mai lamba 66 na MIDI, wato tsarin da kayan kiɗa na lantarki ke aika saƙo ga wasu na'urori. Manhajoji irin su forScore da MobileSheets suna karɓar saƙon MIDI, za ka iya haɗa fiyanon da tabulet ta kebul ko ta Bluetooth ka ce wa manhajar wannan saƙon na juya shafi ne. Ka tsira da kuɗinka.

2. Tabulet da manhaja

Girman fuska ya fi ƙarfin na'ura muhimmanci a wannan aikin. Takardar A4 tana da faɗin milimita 210 da tsawon 297. Fuskar iPad mai inci 12.9 ko 13 ta ɗan gaza haka, amma in ka yanke farin gefen shafi, rubutun yakan fito kusan girmansa na kan takarda. Mai inci 10 ko 11 zai yi wa mai karanta kalmomin waƙa da alamun jita, ko mai bin layi ɗaya. Ga mai fiyano da ke karanta layi biyu a haɗe, ido zai gaji. Manyan tabulet na Android, kamar na Samsung mai inci 14.6, sun fi tsawo da siranta, sai ka ga sarari ya yi saura a sama da ƙasan shafi. Wannan ba aibi ba ne, kawai kada adadin inci ya ruɗe ka: faɗin fuskar in an tsayar da ita shi ke yanke girman rubutu.

Manhaja kuwa, forScore a na'urorin Apple kaɗai take aiki. MobileSheets tana kan Android da Windows da iPad, tana kuma da ta gwaji kyauta a Android wadda ke ɗaukar 'yan waƙoƙi kaɗan, ta isa ka gwada fedarka kafin ka biya. Akwai Newzik da piaScore, akwai OnSong ga masu kalmomi da alamun jita. Duk wadda ka zaɓa, ka tabbata tana da juya rabin shafi, da sake jera shafuka, da jerin waƙoƙi, da rubutu a kan shafi. Za ka ga amfanin kowanne a mataki na 6.

*Hattara:* kada ka dogara da manhajar karanta PDF ta gama-gari. Wasu suna amsa feda, amma maimakon su juya shafi sai su riƙa gangarar da shi kaɗan-kaɗan, ka rasa inda idonka yake.

3. Zaɓen feda da lissafin kuɗi

Sunayen da za ka fi cin karo da su: AirTurn, da PageFlip, da iRig BlueTurn na kamfanin IK Multimedia, sai masu rahusa irin su Donner da Lekato. Dukansu aiki ɗaya suke yi. Bambancin yana ƙarƙashin ƙafa.

Na farko, ƙara. Wasu fedojin suna yin "ƙas" duk sanda aka taka su. A cikin ƙungiya mai ganguna da lasifika ba wanda zai ji. A ɗakin ɗaukar sauti, ko a wurin da kai kaɗai kake kiɗa a hankali, wannan ƙarar za ta shiga kunnen kowa, har da makirufo. In irin wannan kiɗan kake yi, nemi wadda aka rubuta cewa ba ta ƙara, ka kuma saurari bidiyon wanda ya gwada ta.

Na biyu, ko ƙafa tana jin ta taka. Fedoji masu faɗi da siranta kamar PEDpro ta AirTurn ba sa ƙara kuma ba su da nauyi a jaka, amma motsinsu kaɗan ne, ƙafar da ke cikin takalmi mai kaurin ƙasa ba ta cika sanin ko ta taka ba. Masu tudu irin DUO 500 ta AirTurn ko Firefly ta PageFlip ƙafa tana samunsu ba sai an duba ba. Ni na fi ba mai farawa shawarar mai tudu. Rashin tabbas shi ke sa mutum ya sake takawa, shafi biyu su wuce.

Na uku, tazarar da ke tsakanin fedar gaba da ta baya. In sun matsu da juna kuma ƙafarka babba ce, za ka riƙa taka wadda ba ka nufa ba.

Sai wuta. Firefly da Butterfly na PageFlip suna cin batir AA guda biyu, BlueTurn tana cin AAA biyu, su DUO 500 kuma caji ake yi musu. Mai batir in ta mutu ka sauya nan take. Mai caji ba ka sayen batir, amma in ka manta ba ka yi caji ba sai ka nemi kebul. Firefly tana da wata fa'ida: ana iya jona ta da kebul na USB in Bluetooth ya ƙi, tana kuma da 'yar fitila a kan kowace feda don wuri mai duhu.

Feda biyu ta ishi kusan kowa. Mai huɗu, irin Dragonfly ko QUAD 500, ta wanda ke son ƙafa ta kunna sautin rakiya ko ta tsallaka zuwa waƙa ta gaba ce.

Wajen kuɗi, tabulet ce ke cinye kaso mafi girma, feda da manhaja a bayanta suke da nisa. Manyan sunaye sukan ninka masu rahusa sau biyu ko uku, kuma abin da kake biya shi ne ƙarko, da rashin ƙara, da damar sauya aikin maɓallan. Mai kiɗa a gida don jin daɗinsa, mai rahusa ta ishe shi. Wanda ake biya ya hau dandamali kada ya yi tsimi a nan. Abin da ake yawan mantawa a lissafi shi ne mariƙin tabulet mai ƙarfi, da alƙalamin rubutu a fuska, da batir na ajiya. Sandar ɗora takarda mai siririyar ƙafa ba a yi ta don nauyin babban tabulet ba. Iska ko gwiwar hannun maƙwabci ta isa ta kifar da ita.

4. Haɗa feda da tabulet

Cika mata caji ko sa mata sabon batir tukuna. Feda mai raunin wuta takan haɗu ta rabu, ta sa ka zargi abin da ba shi da laifi.

Kunna ta. Za ka ga 'yar fitila tana ƙyaftawa, alamar tana neman abokin haɗi; a wasu sai ka danne wani maɓalli na 'yan daƙiƙoƙi kafin ta fara. Buɗe saitunan tabulet, shiga Bluetooth, jira sunanta ya bayyana, ka taɓa shi. Ƙyaftawar za ta sauya, ko ta ragu ko ta tsaya. Shi ke nan. Daga yau duk sanda ka kunna ta za ta nemi tabulet ɗin da kanta.

*Hattara:* kada ka fara gwada ta da wayarka "don ka gani". Feda tana tuna na'urar da ta taɓa haɗuwa da ita. Gobe ka kunna ta a gaban tabulet, wayar da ke aljihunka ta riga ta cafke ta, kana ta takawa shafi bai motsa ba. In ka riga ka yi haka, shiga Bluetooth na wayar ka sa ta manta da fedar gaba ɗaya.

*Hattara ga 'yan ƙungiya:* in ku biyu ko uku kuna da feda iri ɗaya, ku haɗa ɗaya bayan ɗaya, sauran a kashe, sannan kowa ya manna sunansa a ƙarƙashin tasa. Bluetooth yana kai wajen mita goma, ya isa ka riƙa juya wa abokinka shafi daga ɗaya gefen dandamali.

5. Daidaita saƙon da take aikawa

Kowace feda tana da tsare-tsare da ake zaɓa a jikinta. BlueTurn tana da uku: kibiyar sama da ƙasa, kibiyar hagu da dama, sai Page Up da Page Down. Firefly ta ƙara biyu a kan waɗannan. Ita AirTurn tana da manhajarta, AirTurn Manager, inda ake sauya komai.

Kafin ka buɗe manhajar kiɗa, yi wannan gwajin. Buɗe wurin rubuta bayani, rubuta layi uku ko huɗu na kowane irin harafi, ka sa 'yar sandar da ke ƙyaftawa a tsakiyarsu. Sa fedar a tsarin kibiya, ka taka. In sandar ta motsa sama da ƙasa ko hagu da dama, haɗin lafiya lau yake, duk matsalar da ta biyo baya daga manhajar kiɗa take. In ba ta motsa ba, koma mataki na 4. Wannan gwajin na minti ɗaya yana raba maka laifi gida biyu, kuma shi ne abin da ya kamata ka fara yi duk ranar da abu ya rikice.

Yanzu buɗe manhajar kiɗa da shafi a gabanka ka taka. Yawanci nan take take aiki. In ba ta yi ba, a forScore nemi Page Turners & Shortcuts a cikin saituna, a MobileSheets kuma Pedal Actions. Taɓa aikin da kake so, taka fedar, manhajar za ta koyi saƙon. Dama gaba, hagu baya. Kada ka ƙirƙiro naka tsarin, domin wata rana za ka ari fedar wani.

Kashe maimaitawa. Wasu fedojin, in ka bar ƙafa a kai, suna ci gaba da aika saƙo kamar yadda harafi ke ta fitowa in ka danne kibod. Ga mai gangarar da kalmomin waƙa wannan yana da amfani, ga mai juya shafi kuwa masifa ce. A Firefly maɓalli ne a jikinta. MobileSheets kuma tana da saitin da ke sa ta yi watsi da taku na biyu in ya zo dab da na farko, kunna shi.

*Hattara:* tunda tabulet na ɗaukar feda a matsayin kibod, allon rubutu na kan fuska zai daina fitowa. Na'urarka ba ta lalace ba. Yawancin fedoji suna da maɓallin da ke dawo da shi a iPad. A Android shiga saitin kibod na waje ka kunna nuna allon kan fuska. In duk ya gagara, kashe fedar ka yi rubutunka.

*Hattara ga masu iPad:* in ka taka sai ka ga wani shuɗin zobe yana yawo a kan maɓallan manhaja maimakon shafi ya juya, an kunna Full Keyboard Access a cikin saitunan Accessibility. Kashe shi.

6. Shirya shafukan

A nan aikin gaske yake, kuma wanda ya tsallake shi ba fedar da za ta cece shi.

Fara da fayil mai kyau. PDF da aka saya daga mawallafi, ko aka sauke daga shafin intanet na IMSLP inda ake ajiye tsofaffin ayyukan da haƙƙin mallakarsu ya ƙare, ya fi hoton waya nesa ba kusa ba. In takardarka za ka mayar fayil, yi sikanin a 300 dpi, baƙi da fari ko ruwan toka, shafi ɗaya a hoto ɗaya. Hoto mai launi da aka ɗauka da kyamara yana da nauyi, kuma fayil mai nauyi yana jinkirin buɗewa: ka taka, fuska ta yi fari na rabin daƙiƙa, kiɗa kuwa ba ya jira. Ka tsaya kan abin da ka mallaka ko aka ba ka izini.

Sai ka yanke farin gefe a kowane shafi, ka miƙe wanda ya karkace. Cire bangon littafi, da gabatarwa, da shafukan da ba komai a kansu. Duk shafin da ba ka kaɗawa taku ne na banza a tsakiyar wasa.

Yanzu kunna juya rabin shafi, ka ga abin da takarda ba ta taɓa iya yi ba. Tabulet na tsaye, kana shafi na 3. Idonka ya gama layukan sama ya sauko na ƙasa. Ka taka sau ɗaya: rabin sama ya koma shafi na 4, rabin ƙasa yana nan a shafi na 3, da wani layi a tsakani da ke nuna iyaka. Ka ƙarasa layin ƙarshe a natse, ido ya hau sama ya tarar da ci gaban yana jiransa. Ka yi layi ɗaya ko biyu a can, ka sake takawa, ƙasan ma ya zama shafi na 4. Da wannan tsarin ba lallai ka taka a daidai daƙiƙa guda ba. Kana da tsawon layi biyu ko uku da za ka zaɓi inda ƙafa ta fi samun sarari. Taku ya ninku, amma kowanne ya zama mai sauƙi.

*Hattara:* layin iyakar yakan faɗo a tsakiyar layin kiɗa ya yanke shi biyu. Ana jan shi sama ko ƙasa, kuma manhajar tana tuna wurinsa a kowane shafi. Bi shafukan ɗaya-ɗaya ka aje shi a sararin da ke tsakanin layuka. Aiki ne mai gundura, yi shi duk da haka.

Sai maganar maimaici, wadda ta fi komai kayar da mutane. A ce a ƙarshen shafi na 4 akwai alamar komawa shafi na 2, daga nan ka yi zuwa na 3, sannan ka tsallaka zuwa Coda, wato sashen rufe waƙar, a shafi na 5. Da feda, wannan taku biyu ne baya, ɗaya gaba, biyu gaba, kana kiɗa kana lissafi. Kada ka yarda. Kwafi shafukan ka jera su yadda za a kaɗa su: 1, 2, 3, 4, 2, 3, 5. A forScore kayan aikin Rearrange ne ke yin wannan, a MobileSheets kuma ana rubuta jerin lambobin shafi a bayanan fayil. Daga nan ƙafarka hanya ɗaya ta sani, gaba. A kan kwafin da ka maimaita, shafe layukan da ba za a kaɗa a zagaye na biyu ba da farin alƙalami, ko ka ja musu jan layi, ka kuma sa babbar alama a inda ido zai sauka. Manhajojin suna da wata hanyar, ɗigon da ake taɓawa ya kai ka wani shafi, amma wannan hannu yake buƙata ko feda ta uku. Jera shafuka ya fi kwanciyar hankali.

Daga ƙarshe haɗa waƙoƙin a jeri ɗaya bisa tsarin wasan, ka tabbata saitin wucewa daga waƙa zuwa waƙa a kunne yake, yadda taku daga shafin ƙarshe zai buɗe farkon ta gaba.

7. Inda za a aje ta

Mai fiyano ya aje ta hagu da fedojin fiyano, a ɗan karkace ta bi yadda ƙafa ke buɗewa. Diddige a ƙasa, tafin ƙafa yana hutawa a gefen fedar gaba, yadda juyi kaɗan a kan diddige zai kai shi kanta. Kada ka bar ƙafa tana shawagi a sama: ƙwauri zai gaji, kuma da kiɗa ya yi zafi za ta sauka ba da saninka ba.

A daɓe mai santsi feda tana tafiya kaɗan-kaɗan har ta fita daga inda ƙafa ta san ta. Sa mata 'yar shimfiɗar roba ko ka manne ta da tef. A kan kafet mai laushi kuwa nutsewa take yi, takun bai isa ba. Ɗan katako mai faɗi a ƙarƙashinta ya magance wannan.

8. Koya wa ƙafa

Ɗauki takun a matsayin nota cikin notocin waƙar, wadda ke da wurinta a rubuce. Bi kowane shafi ka zaɓi inda za ka taka, ka sa alama mai launi a wajen, launi ɗaya a duk waƙoƙinka. Wuri mai kyau shi ne doguwar nota, ko inda kake hutawa, ko gaɓar da hannu ya haddace. Mugun wuri shi ne tsakiyar gudu mai wuya, ko daidai lokacin da ƙafar dama ke sauya fedar fiyano. Ƙafa biyu su motsa lokaci guda da aiki daban-daban, ɗaya takan kwaikwayi ɗaya.

Da juya cikakken shafi, sai ka haddace gaɓa ɗaya ko biyu na ƙarshe ka taka kafin ka iso su. Wanda ya jira sai notar ƙarshe ya makara, domin ido kullum yana gaban hannu.

Sannan ka yi bitar mahaɗar ita kaɗai: gaɓa huɗu kafin taku, gaɓa huɗu bayansa, a hankali, har sai kunne ya daina jin wani ɗan tsaiko ko ƙarin ƙarfi a wajen. Ɗauki sautin kanka ka saurara. In za ka iya gane inda aka juya shafi da kunne kawai, da sauran aiki. A farko za ka ga ƙafa tana son taka daidai kan bugun kiɗa, hannu kuma yana ƙara nauyi tare da ita. Wannan yana wucewa da maimaici.

Yi bitar kuskure da gangan. Taka sau biyu, ka dawo baya ba tare da ka tsaya ba. Taka ta baya a maimakon ta gaba, ka gyara. Rufe ido ka nemo fedar da ƙafa. Ranar da hakan ya faru a gaban jama'a, ƙafar ta riga ta san hanyar dawowa.

*Hattara:* yi bita da takalmin da za ka sa ranar wasa. Wanda ya saba takawa da ƙafa tsirara a ɗaki zai ji fedar ta zama baƙuwa a ƙarƙashin takalmi mai tauri.

Kada ka kai ta dandamali a makon da ka saye ta. Fara da bitar gida, sai bitar ƙungiya, sai ƙaramin taro.

9. Ranar wasa

Daren jajibiri cika cajin tabulet da feda, ko ka sa sabon batir in ka yi shakka. Aje kwafin fayilolin a wayarka ko a wata ma'ajiya.

Da ka isa wurin, kashe sanarwa gaba ɗaya, kada saƙo ya sauko ya rufe layin sama. In ka sa yanayin jirgin sama, duba Bluetooth, domin yakan kashe shi, sai ka sake kunnawa da hannu. Kulle juyawar fuska. Tabbatar fuskar ba za ta mutu da kanta ba. Manhajojin kiɗa da yawa suna hana hakan muddin suna buɗe, amma duba da idonka. Rage haske a wuri mai duhu, don idonka da kuma batir. A fili kuwa nemi inuwa: Apple ya ƙayyade wa iPad zafin da bai wuce digiri 35 a ma'aunin Salshiyos ba, kuma in rana ta dake shi yakan nuna gargaɗin zafi ya daina aiki har sai ya huce.

Kafin a fara, taka gaba sau ɗaya, baya sau ɗaya, ka tabbata kana shafin farko.

*Hattara:* fedoji da yawa suna yin barci in sun daɗe ba a taɓa su ba, don tsimin wuta. Bayan dogon jawabi ko hutun rabin lokaci, takun farko yakan tashe ta ne kawai, shafi bai juya ba. Sake yin gaba da baya kafin ka ɗaga hannu, ko ka tsawaita lokacin barcin in fedarka tana ba da dama.

10. In ta ƙi a tsakiyar waƙa

Kada ka yi ta takawa. In haɗin ya ɗan yanke ya dawo, ko fayil ne ya yi jinkiri, sai ka tarar shafi uku sun wuce. Taka sau ɗaya. In ba ta amsa ba, taɓa gefen dama na fuska da yatsa kamar yadda kake yi kafin ka san feda, ka ƙarasa waƙar da hannu. Saboda haka ne bai kamata ka kashe juya shafi da taɓawa ba, ko da wani ya ce maka yana hana kuskure, kuma tabulet ɗin ya kasance inda hannu zai kai ba tare da ka tashi ba.

Tsakanin waƙa da waƙa, kashe fedar ka kunna. In ba ta dawo ba, kashe Bluetooth na tabulet ka kunna. In har yanzu shiru, jona kebul in tana da wurinsa, ko ka sauya batir. Sake haɗi daga farko, wato a sa tabulet ya manta da ita a sake nemo ta, sai an tashi hutu, domin yana buƙatar natsuwa da 'yan mintoci.

Bayan wasa, kashe ta da hannunka kafin ta shiga jaka. Kaya sukan danne ta a hanya, ta yi ta aika saƙo har batir ya ƙare. In za ta daɗe a ajiye kuma mai batir ce, cire batiran, kada su zubar da ruwa su ci ƙarfen da ke ciki.